Yadda ake kula da mai jego da jinjirinta, daga ranar haihuwa zuwa suna

Wannan bayani na wadda aka ce ta je ta zauna wa mai jego ne, ko yayarta ce ta sauka, ko ƙanwa, ko matar wa, kuma ba ta taɓa yi ba. Na daɗe ina karɓar haihuwa a nan Damagaram, ina kuma bin mata gida bayan an sallame su. Dangi kan taru a kan naƙuda, da an ji kukan jariri sai hankali ya koma kan barka da shirin suna, alhali wannan makon shi ne mafi haɗari ga uwa da ɗa. Cikin jariran da ke rasuwa a watansu na farko, kusan uku cikin huɗu a makon farko suke tafiya. Ba a nemi ki ba da magani ba. Naki shi ne sa ido, da tsabta, da ciyarwa, da sanin lokacin da za a ajiye komai a nufi likita.

Kayan da za ki tanada

Sabulu da buta, a ajiye su a bakin ƙofar ɗakin mai jego. Ki ware bido biyu na ruwa waɗanda ba mai taɓa su sai don ita da jariri, domin kin san halin ruwan garin nan, musamman da bazara.

Zannuwan auduga masu laushi, da hula, da safa. In babu hula, ki yanki tsohon zane mai tsabta ki ɗaura masa.

Audugar mata mai yawa. In babu, ƙunzugu ya wadatar, da sharaɗin a wanke shi da sabulu a shanya a rana tsaka. Mata da yawa kan shanya shi a bayan ƙofa don kunya, ya kwana da danshi, su sake sa shi. Nan ciwo yake farawa.

Ma'aunin zafin jiki, ana samu a farmasi. Maganin cibi, wato klorheksidin, in an ba ku a matanite. Ƙaramin kofi da cokalin shayi. Gidan sauro mai magani. Karnen awo na uwa da na jariri.

Sai salula mai caji, da lambar mai adaidaita ko mai mota da zai fito ko da ƙarfe biyun dare ne, da kuɗin tafiya a ƙulle a wuri ɗaya wanda ke da maigida kuka sani. Tun 2006 doka ta ce ana duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a likitocin gwamnati, amma mota ba kyauta ba ce, kuma akan rubuta magani a ce a sayo a waje.

1. Kada a yi gaggawar fitowa daga matanite

In ta sauka lafiya, ta cika awa 24 kafin a tafi gida. Zubar jini mai kisa galibi a wannan yinin take zuwa. Za ki ji ana cewa 'yan barka na jira a gida. Su jira. In kuwa a gida ta haihu, a kai ta ita da jaririn CSI, wato ƙaramar likitar gwamnati, mafi kusa a ranar, ko da kowa ya ga kamar lafiya lau.

Kafin ku fito ki tambayi ungozomar likita abu huɗu, ki tabbata an rubuta a karne: nauyin jariri, ko an yi masa allurar BCG ta rigakafin tarin fuka da ɗigon foliyo, awon jinin uwa na ƙarshe, da ranar da za ku dawo. Jaririn da bai kai kilo biyu da rabi ba ƙarami ne, yana da nasa kulawar daban, zan zo kanta. Ki karɓi ƙwayoyin ƙarin jini, za ta ci gaba da sha har wata uku.

2. Jini da mahaifa

Ki sa ta kwanta rigingine bayan ta yi fitsari. Ki ɗora tafin hannunki daidai cibiyarta ki danna a hankali. Za ki ji mahaifa dunƙule, da tauri kamar goshinki. Haka ake so. Kowace rana tana sauka ƙasa da kamar faɗin yatsa guda. In kika ji wurin ya yi taushi, ki murza shi da kewaye, da ɗan ƙarfi, har ya ɗaure. Za ta ce da zafi, kada ki fasa. Cikakkiyar mafitsara tana hana mahaifa ɗaurewa, don haka ta riƙa zagayawa a kai a kai ko ba ta ji ya matse ta ba.

Jinin biƙi ja ne a kwana uku ko huɗun farko, sannan ya koɗe, ya koma ruwa-ruwa, yana iya kaiwa mako shida. Ki riƙa duba ƙunzugun da idonki. Mai jego, musamman ta fari, in kin tambaye ta sai ta ce ba komai.

A tafi likita nan take in ƙunzugu ya jiƙe sharkaf cikin ƙasa da awa ɗaya, ko gudajin jini manya suna fita, ko tana ganin jiri, gumi mai sanyi na keto mata. Akwai maganar da ake yi cewa gara mugun jini ya fita duka. Babu mugun jini a nan, jinin jikinta ne ke ƙarewa. Kafin mota ta iso, ki ci gaba da murza mahaifa, ki sa jariri a nono domin tsotso yana sa ta ɗaure, ki kwantar da ita ki ɗaga ƙafafunta bisa matashi, ki lulluɓe ta. Zubar jini mai yawa ta fi ƙarfin ƙaramar likita ta ƙauye. Daga CSI akan tura irin wannan zuwa Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro ta Zinder ko babban asibitin gunduma, inda ake ƙarin jini, saboda haka a tafi da 'yan uwa maza da za su iya ba da jini.

3. Nono

A sa jariri a nono cikin awar farko. Nonon farko, dakashi, mai kauri ne ruwan ɗorawa, kuma kaɗan yake zuwa. Shi ne rigakafin jariri na farko, shi ke kuma wanke masa baƙin kashi. Kada a tatse shi a zubar, kada a tsaya gwajin nono da tururuwa. Cikin jariri a ranar farko cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi yake ɗauka a sha guda, don haka wannan ɗan kaɗan ɗin ya ishe shi. Nono sosai yana saukowa a kwana na uku ko na huɗu, kuma yawan tsotso yana taimaka masa ya zo da yawa.

Ga yadda za ki gyara musu zama. Uwa ta jingina bayanta. Cikin jariri ya manne da cikinta, kansa da jikinsa a miƙe, ba wuya a murɗe ba. Ta goga kan nono a leɓensa na sama, ta jira ya wangame baki, sannan ta jawo shi gare ta. Ita kada ta sunkuya ta bi shi. Ki tsuguna ki duba: haɓarsa ta taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, yawancin baƙin da ke kewaye da kan nono ya shige bakinsa. In kin kasa kunne za ki ji yana haɗiya. In kumatunsa na lotsawa, ko kina jin tsut-tsut, ko uwa tana cije baki don zafi, kan nono kaɗai ya kama. Ki sa ɗan yatsanki mai tsabta a gefen bakinsa ki cire shi, a sake. Kusan duk tsagewar kan nono da nake gani daga nan take.

Ya sha sau 8 zuwa 12 a dare da rana. In ya wuce awa uku yana barci a waɗannan kwanaki, a tashe shi. Ya gama da nono ɗaya kafin a juya shi ɗayan.

Batun ruwa shi ne inda za ki sha fama. Da zafin Afrilu, wata gwaggo za ta ce yaron nan ƙishirwa zai kashe shi. Nono kusan duk ruwa ne, ya ishe shi har wata shida ko a tsakiyar bazara. Uwa ce za ta sha ruwa da yawa. Ruwan da aka ɗura wa jariri yana cika masa ciki ya rage tsotso, yana kuma kawo zawo. Haka madarar akuya, da jiƙo, da ruwan sukari. Zuma kuwa ba a ba yaro sai ya shekara. In an kawo rubutu, ni abin da nake cewa shi ne uwa ta sha. Dabinon da ake shafa wa jariri a dasashi, a yi da wankakken hannu, shafawa kawai. Kada ki yi gardama da manya a gaban jama'a. Ki ja kaka gefe ki ce, "Inna, Malama ta ce in ya sha ruwa nonon uwarsa ba zai sauko ba, ki taimake ni ki hana su." In kin mai da ita mai tsaron jariri, aikinki ya yi sauƙi.

Yadda za ki gane yana ƙoshi: baƙin kashi a kwana biyun farko, ya koma kore-kore, zuwa kwana na biyar ya zama ruwan ɗorawa. Daga kwana na biyar ɗin ya jiƙa zane sau shida ko fiye a yini da dare. Raguwar nauyi kaɗan a makon farko ba abin tsoro ba ce, yana mai da shi wajen mako biyu.

In bai iya tsotso da ƙarfi, uwa ta wanke hannu ta tatsa a kofin da aka tafasa, a ba shi da cokali ko bakin kofi, yana zaune a hannu, a bar shi ya lasa da kansa, ba a kwarara masa ba. A zafin garin nan, abin da aka tatsa a ba shi nan da nan. In nono ya cika ya yi tauri, a ɗora tsumma mai ɗumi, a ɗan tatse har bakin ya yi laushi, a sa jariri. In wani gefe ya yi ja, ga zazzaɓi, likita za a je, kuma ba a daina shayarwa.

4. Ɗumi da wanka

Ba a yi wa jariri wanka sai ya cika awa 24. A goge shi, a sa masa hula. Farin maiƙon da ke jikinsa kariya ne, kada a kankare shi. Daga baya wanka sau ɗaya a rana ya isa, da rana tsaka, a cikin ɗaki, da ruwan da gwiwar hannunki ta ji daɗinsa. A gama da sauri, a tsane shi sosai.

Zafin jikinsa a hammata ya tsaya tsakanin 36.5 da 37.5. In babu ma'auni, ki taɓa cikinsa da tafin ƙafarsa da bayan hannunki. Duka biyun su kasance da ɗumi. In ƙafa ta yi sanyi, ki cire masa kaya ban da hula da ƙunzugu, ki kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, ki lulluɓe su tare, ki sake dubawa bayan awa ɗaya.

Ga jaririn da bai kai kilo biyu da rabi ba, kamar bakwaini da ƙananan tagwaye, wannan goyon ƙirji shi ne zamansu dare da rana. Jariri a tsaye tsakanin nonuwa, kai a juye gefe, ƙafafu a naɗe, a ɗaure shi da zane wanda bakinsa ya tsaya daidai kunnensa. Uwa ta yi barci a jingine. In za ta zagaya, ke ki karɓa, ko uban.

Da hunturu mutane kan shigo da kaskon garwashi su rufe ƙofa da taga. Kada ki yarda. Hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. Turaren wuta ma a yi shi jariri na waje. Da bazara kuma kuskuren akasin haka ne: a naɗe shi da bargo uku har jikinsa ya yi zafi. Ya kwanta rigingine, cikin gidan sauro, fuska a buɗe.

5. Cibi

A wanke hannu kafin a taɓa shi. In akwai klorheksidin, a shafa a kan cibin da gindinsa sau ɗaya a rana har kwana bakwai. Ki ajiye kwalbar nesa da maganin ido, domin in ya shiga ido yana makantarwa. In babu shi, a bar cibin a bushe, a naɗe ƙunzugu ƙasa da shi. Ba toka, ba man shanu, ba man goge baki, ba gashi da tsingaro. Ta wannan ƙofar tetanos, ciwon da ke sandarar da jiki, ke shiga. Zai faɗi da kansa, galibi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ja da ya bazu zuwa fatar ciki, ko mugunya, ko wari, na likita ne a ranar.

6. Duba jariri safe da yamma

Ki kai shi bakin ƙofa inda akwai hasken rana, ki buɗe shi. Ki ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur da agogon salula, lokacin da yake kwance shiru. In ya kai 60 ki sake ƙirgawa. In ya sake kaiwa, a tafi.

Sauran alamun da ba a kwana da su: ya ƙi nono bayan da yana sha, ƙasan ƙirji na faɗawa ciki sosai, yana nishi, jiki ya saki ba ya motsi sai an taɓa shi, jijjiga ko sandarewa, zafi ya wuce 37.5 bai sauka ba bayan an rage kaya, sanyi ƙasa da 35.5, ido ya kumbura yana mugunya, koren amai, ko bai yi kashi ba a awa 24 na farko.

Shawara tana da wuyar gani a baƙar fata. Ki duba farin ido da dasashi, ki danna kan hancinsa da yatsa ki saki ki ga launin wurin. In ta bayyana a ranar farko, ko ta kai tafin hannu da tafin ƙafa, gaggawa ce, domin tana taɓa ƙwaƙwalwa. Shanya shi a rana ko ba shi jiƙo ba ya maganinta. A hanya ki sa shi a ƙirjin uwarsa, ya ci gaba da shan nono.

Akwai kuma abin da ke tsorata mutane alhali ba komai ba ne: atishawa, shaƙuwa, ɗan kumburin nonon jariri, ɗan farin ruwa ko ɗigon jini a gaban 'ya mace. Kada a matse nonon, da kansa zai saɓe. Kwalli ya jira.

7. Wankan jego, kunun kanwa da abinci

Ba na hana wankan jego, ruwan ɗumi yana sassauta jiki. Abin da nake hanawa shi ne tafasasshen ruwan da ake fyaɗa wa mace da ganyen dogon yaro ko sabara har fatarta ta saluɓe. Na sha wanke ƙunar da aka yi ta haka a cinya da ƙirji. A sirka har ke mai yi mata ki iya barin hannunki a ciki. In an yi mata aiki, ruwa ba ya taɓa ɗinkin sai an ce ya warke, a goge mata jiki kawai. In ƙari aka yi mata, ta wanke wurin da ruwan ɗumi mai tsabta bayan kowane zagaye, daga gaba zuwa baya, ba a cusa komai.

Kanwa gishiri ce. Tana riƙe ruwa a jiki, tana ƙara wa zuciya aiki. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka yi rubutu a kan ciwon zuciyar masu jego a ƙasar Hausa, suna danganta shi da yawan kanwa da zafin wanka. Wadda aka ce tana da hawan jini, ko ta kumbura da ciki, kada ta kusanci kunun kanwa. Sauran ma kunun gero zalla ya fi musu. In kika ga mai jego tana haki da ɗan motsi, ba ta iya kwanciya sai a zaune, tana tari da dare, ƙafafu sun kumbura, kada a ce sanyin jego ne a ƙara mata wuta. Zuciya ce, a kai ta babban asibiti.

Jijjiga ma ba ta ƙare da haihuwa ba. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ciwo a ƙarƙashin ƙirji ta dama, kumburin fuska, duk a je a auna jini. Daga 140 bisa 90 ya hau. In ta faɗi tana jijjiga, ki kwantar da ita a gefen hagu, kada a cusa mata cokali a baki, kada a ɗura mata komai. Zazzaɓi, ko jinin biƙi mai ɗoyi, ko sharaɓa ɗaya ta kumbura tana ciwo, su ma ba a jira da su.

Ta ci abin gidan, a ƙara mata kwano ɗaya bisa yadda ta saba: tuwo da miyar kuka, fura da nono, wake, kwaɗon zogale, ƙwai, hanta in ta samu. Ƙauri yana da kyau, a dai rage yaji da gishiri. Kada ta haɗa ƙwayar ƙarin jini da shayi, yana hana ta aiki. Ta tashi ta ɗan taka a tsakar gida tun ranar farko, amma ba daka, ba ɗaukar bido.

Wajen kwana na uku zuwa na biyar wasu kan yi ta kuka ba dalili. Yana wucewa, ki karɓi jariri ta yi barci. In ya haura mako biyu, ko ta ƙi jaririn, ko tana maganganu ba kan gado, ki faɗa wa ungozomar likita.

8. Wanzami, suna, da komawa likita

Wannan maganar da maigida za a yi ta, tun kafin ranar. Aski ba laifi, da sabuwar reza da aka buɗe a gabanki, a mayar masa da hula da an gama. Cire belu kuwa babu amfanin da yake yi, ga zubar jini, ga ciwo, jariri ya kwana biyu ba ya iya tsotso. Cire ɗangurya ga 'ya mace kaciya ce, kuma dokar ƙasa ta haramta kaciyar mata tun 2003.

Ranar suna gida zai cika. Ki tsaya a kan buta da sabulu, mai mura ko tari ya yi barka daga bakin ƙofa. Jariri ya fi yawan zama a hannun uwarsa, kuma ko ɗaki ya cika, in lokacin nono ya yi ki nemi a ba su wuri. Ita ma kada a bar ta ta yini a zaune cikin kwalliya ba ta ci komai ba.

Komawa likita sau uku ne ko da lafiya: kwana na uku, sai tsakanin kwana 7 da 14, sai mako shida. A tuna wa maigida ya bi takardar haihuwa a ma'aikatar magajin gari tun da wuri. Zuwan mako shida ya yi kusan daidai da arba'in, ranar ce ake fara wa jariri allurar rigakafi ta Penta, a sake a mako 10 da na 14. A ranar kuma uwa ta yi maganar tazarar haihuwa kafin ta koma ɗakinta, domin shayarwa tana hana ciki ne kawai in nono zalla ake ba yaro, bai kai wata shida ba, kuma al'ada ba ta dawo ba.